Haɗa tukwanen matsi da ƙasa: abin da wayar take yi da abin da ba ta yi

A matatar mai, masana'antar taki ko wurin sarrafa sinadarai, duk tukunyar matsi da aka girka, wato rufaffen tankin ƙarfe da ke riƙe ruwa ko gas a matse, za ka tarar da wayar jan ƙarfe ta fito daga ƙafarta ta nutse cikin kankare, wani lokaci tsirara, wani lokaci da riga mai launin kore da rawaya. Tukunyar tana iya kai tan 50, kaurin bangonta ya wuce milimita 30, kuma tana zaune ne bisa ƙusoshin da aka binne a harsashi. To me waya mai kaurin yatsa za ta ƙara mata?

Sai an fara tantance wace irin wuta ake gudu, domin iri uku ne, kuma ba halinsu ɗaya ba. Akwai wutar da ke ɓallewa idan rigar waya ta goge a cikin injin famfo ko hita, wadda kan kai amfiya dubbai na ɗan ƙasa da daƙiƙa. Akwai tsawa, mai amfiya dubban gomomi a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai cajin gogayya, wanda ke taruwa sannu a hankali idan ruwan mai ko gari yana gudu cikin bututu, ƙarfinsa bai kai ko ɗaya cikin dubu na amfiya ba. Waya guda ake ɗora wa waɗannan ayyuka uku, shi ya sa ake yawan samun wurin da aka yi wa ɗaya daga cikinsu shiri mai kyau, aka ɗauka sauran biyun ma sun samu.

Wutar da ta ɓalle ba ƙasa take nema ba. Tiransifomar da ta fito daga gare ta take son komawa, ta duk hanyar da ta samu. A ce hitar da ke cikin tukunya ta taɓa bango da folt 230, kuma abin da ya haɗa tukunyar da duniya sanda ɗaya ce tak da aka kafa a ƙasa mai turjiyar om 25 (om shi ne ma'aunin yadda hanya ke tare wuta). Abin da zai gudana amfiya 9 ne da 'yan kai. Bireka mai amfiya 32 ba za ta ko motsa ba, tukunyar za ta ci gaba da ɗaukar wuta har sai wani ya dafa ta. Abin da ke sa bireka ta yanke nan take shi ne hanyar ƙarfe zalla da ta tashi daga jikin na'urar ta koma allon rarraba wuta. Kaurinta kuwa lissafa shi ake yi. Idan wutar da ake tsammani amfiya 10,000 ce, bireka kuma tana ɗaukar rabin daƙiƙa kafin ta yanke, wayar jan ƙarfe mai rigar roba ba za ta gaza murabba'in milimita 50 ba. Wadda ba ta kai haka ba rigarta za ta narke kafin bireka ta gama aikinta.

Tsawa kuwa, abin da mutane suka fi tsoro a kanta, wato ta huda tukunya, shi ne mafi ƙarancin faruwa. Ƙa'idar NFPA 780 ta Amurka tana ɗaukar bangon ƙarfe mai kaurin milimita 4.8 a matsayin wanda tsawa ba ta hudawa, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 62305 kuma ta sa milimita 4, kuma yawancin tukwanen matsi na masana'antu sun ninka haka. Matsalar tana wajen saukar wutar. Tsawa matsakaiciya takan kai amfiya 30,000, mafi tsanani da ake yi wa shiri 200,000, kuma tashinta na da saurin da ke sa tsawon waya ya fi kaurinta muhimmanci. Kowace mita ɗaya ta waya tana iya tara folt 100,000 a tsakanin bakinta biyu idan wutar na hawa da amfiya 100,000 a cikin ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Wayar da aka bi da ita mita 12 don ta yi kyan gani, aka lanƙwasa ta a kusurwa huɗu, wutar ba za ta bi ta ba, za ta yi tsalle ne zuwa bututu ko matakalar da ke kusa. Saboda haka ake son wayar ta zama gajera, miƙaƙƙiya, lanƙwasarta kada ta matse fiye da da'ira mai rabin faɗin santimita 20, kuma a sa guda biyu a ɓangarori masu fuskantar juna domin wutar ta rabu. Idan dole sai an sa ta cikin bututun kariya, na roba ya fi. Bututun ƙarfe da ya kewaye waya guda yana shaƙe wuta mai sauri, sai dai idan an ɗaure bakinsa biyu da wayar.

Duk da haka wayar ƙasa ba ta hana tsawa kunna iskar gas da ke tsiyaya daga bakin bawul ɗin rage matsi a saman hasumiya, ba ta kuma kare na'urorin auna matsi da zafi da ke maƙale a jikin tukunya. Na'urorin na buƙatar nasu makaran hauhawar wuta.

Cajin gogayya shi ne inda aka fi yin kuskure, don ƙanƙantarsa tana sa a raina shi. Tururin fetur da danginsa, idan ya gauraya da iska daidai gwargwado, tartsatsi mai ƙarfin milijul 0.25 (milijul ƙaramin ma'aunin makamashi ne) ya isa ya kunna shi. Haidirojin ma kusan milijul 0.02 kawai yake bukata. Wani guntun ƙarfe da ya ware daga sauran, mai iya riƙe fikofarad 100 (ma'aunin yawan cajin da abu ke iya ajiyewa), idan cajinsa ya kai folt 3,000 ya tara milijul 0.45 ke nan. Ƙaramin abu mai fikofarad 10 a folt 10,000 ya tara milijul 0.5. Irin wannan tartsatsin da ƙyar mutum zai ji shi a yatsa, ba a kuma ganinsa da rana.

Abin mamaki, zubar da wannan cajin ba ya bukatar hanya mai kyau sosai. Wutar da gogayya ke samarwa a masana'anta da wuya ta wuce ɗaya bisa 10,000 na amfiya. Ko ta bi hanyar da turjiyarta ta kai om miliyan ɗaya, abin da zai taru folt 100 ne, alhali tartsatsi ba ya tsallaka iska sai an haura folt 300. Daga nan ƙa'idojin NFPA 77 da IEC 60079-32-1 suka samo adadin om miliyan ɗaya da suke cewa ya wadatar. To me ya sa masu duba aiki ke nacewa a kan om 10? Domin hanyar da ƙarfe ce tun daga farko har ƙarshe ba ta da dalilin wuce om 10. Idan mitar awo ta nuna om 400 a tsakanin tukunya da bututunta, cajin zai wuce a yau, amma adadin yana gaya maka akwai noti da ya saki ko tsatsa da ta shiga tsakani, kuma nan da wata shida ana iya samun hanyar a yanke. Om 10 alama ce ta lafiyar haɗin.

Ga kuma abin da kowane mai kula da tukunya ya kamata ya riƙe: wayar ƙasa tana zubar da cajin da ke jikin ƙarfe ne kawai. Cajin da ke cikin ruwan ba ta isa gare shi. Man da aka tace sosai, irin su kananzir, nafta, toluwin da hekzen, ba ya barin wuta ta ratsa shi. Duk ruwan da ƙarfin isar da wutarsa ya gaza fikosimen 50 a kowace mita ana lissafa shi cikin masu tara caji. A irin wannan mai, idan ka raba 18 da wancan adadi za ka sami daƙiƙun da caji ke ɗauka kafin ya ragu zuwa kusan sulusi. Mai fikosimen 1 ke nan daƙiƙa 18, kuma sai an ninka haka sau da yawa kafin a ce ya lafa. Muddin famfo yana aiki, sabon caji na shigowa fiye da yadda tsohon ke fita, fuskar ruwan tana hawa zuwa folt dubbai alhali bangon da ke kewaye da ita yana sifiri. Duk wani tsinin ƙarfe da ya leƙo daga sama, kamar bakin ma'aunin zafi ko sandar awo, yana iya jan tartsatsi daga fuskar ruwan, kuma kasancewarsa haɗe da ƙasa ba ya hana hakan.

Maganin wannan yana hannun mai sarrafa famfo. Ƙa'idar API RP 2003 ta cibiyar man fetur ta Amurka ta ba da shawarar kada gudun ruwa ya wuce mita 1 a daƙiƙa har sai bakin bututun cikawa ya nutse, bayan haka ma kada ya wuce mita 7. A cika ta ƙasa ko ta bututun da ya sauka kusa da gindi, kada a bar mai yana kwarara daga sama yana fantsama. Filta mai ƙananan ƙofofi ita ce babbar mai haifar da caji, don haka a bar tazarar da ruwan zai yi aƙalla daƙiƙa 30 tsakaninta da tukunya. Bayan an gama cika babban tanki a jira minti 30 kafin a zura wani ƙarfe ciki. Inda ba za a iya tabbatar da waɗannan ba, sai a kori iskar da ke saman ruwan da naitirojin, tunda tartsatsi ba ya kunna abin da babu iskar shaƙa a cikinsa.

Gaskiya ne cewa tukunyar matsi da ke cikin aiki galibi babu iska a cikinta, don haka ko tartsatsi ya tashi ba abin da zai ci. Haɗarinta yana zuwa ne a lokutan da aka fita daga aikin yau da kullum: ranar fara ta, ranar kashe ta, lokacin da aka buɗe ƙofar shiga, lokacin wanke ta da tururi. Jiƙaƙƙen tururi da ke fita daga bakin tiyo yana ɗauke da caji mai yawa, kuma bakin ƙarfen da ke kan tiyon roba, idan ba a ɗaure shi da tukunyar ba, ya zama ma'ajiyar caji a hannun ma'aikaci. Haka bokitin ƙarfe da ake ratayawa a kan bawul don ɗibar samfur. Idan mariƙinsa na da rigar roba, bokitin ya ware daga komai, mai yana zuba yana cajinsa, ga tururin man ya lulluɓe bakinsa, tazarar da ke tsakaninsa da bawul ɗin kuma ba ta fi faɗin yatsa ba. Ƙaramar waya mai matsewa a baki biyu ta isa ta raba wannan gardama, in dai haƙoranta sun huda fenti sun taɓa ƙarfe.

Gobarar kamfanin Barton Solvents a Valley Center ta jihar Kansas, ranar 17 ga Yuli 2007, ta nuna yadda ƙaramin abu ke kayar da babban shiri. Tankin ajiya ne mai galan 15,000, ba tukunyar matsi ba, amma darasin ɗaya ne. Ana juye nafta daga tanka, an kuma ɗaure tankar da famfo da tankin kamar yadda aka saba. Hukumar CSB mai binciken haɗurran sinadarai a Amurka ta gano cewa mafi yiwuwar tushen wutar shi ne ƙwallon ƙarfen da ke yawo a saman ruwa don nuna iyakarsa. Mahaɗinsa da zaren awo yana da sako-sako, iskar da ta shigo bututu ta sa ruwan yana tangal-tangal, mahaɗin ya ɗan rabu, ƙwallon ya tara caji, tartsatsi ya tashi. Filin tankunan ya ƙone, aka kwashe mazauna garin kimanin 6,000. Da an auna wayar ƙasan tankin a safiyar ranar, da ta ci jarrabawa.

Tukwanen da aka shafe cikinsu da gilashi ko Teflon sun fi wuyar sha'ani, domin ruwan ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. Caji kan taru har ya huda shafen, ya bar ƙaramin rami da asid zai bi ya ci bango. A nan akan sa wani ƙarfe mai jure asid, irin su tantalum, a gindin tukunya don ya taɓa ruwan, a rage gudun maburgi, a kuma dogara da naitirojin. Sandar maburgin kanta tana iya warewa daga jikin tukunya saboda man da ke cikin boris ɗin da take juyawa a kai da robobin toshe yoyo, sai an sa mata burushin da ke gogar ta yana haɗa ta da gangar.

Wurin da wayar ke kama tukunya wani ɗan kunne ne na ƙarfe mara tsatsa, kaurinsa wajen milimita 6, da rami ɗaya ko biyu. A kan siket ɗin da ke ɗauke da tsayayyiyar tukunya ake walda shi, ko sirdin kwantacciya, ko ƙafafu. Ba a kan bangon da ke riƙe matsi ba, kuma a masana'antar da ta ƙera tukunyar ya kamata a yi. Dalilin shi ne yawancin tukwane masu kauri ana gasa su zuwa wajen digiri 600 bayan an gama walda, domin ƙarfen ya saki. Wanda ya zo daga baya ya ɗiga walda a bango ya bar wani ɗan wuri mai tauri da ke iya tsagewa, musamman inda akwai iskar haidirojin salfaid ko sinadarin kostik. A tsarin ASME, ƙungiyar injiniyoyin Amurka da ke tsara ƙa'idar ƙera tukwanen matsi, da dokokin gyara da ke biye da shi, irin wannan waldar gyara ce da ke bukatar rubutaccen tsari, ƙwararren mai walda da sa hannun sufeto. Haka waldar garin tamait, garin da ake kunnawa ya narkar da ƙarfe, da ake haɗa wayoyi da ita a ƙarƙashin ƙasa. Tana da kyau ƙwarai tsakanin waya da sanda, amma kada ta kusanci bangon tukunya. Idan tukunya ta iso babu kunne, a nemi wuri a kan siket ko sirdi tare da yardar injiniyan da ke da alhakinta.

Wajen ɗaurawa, a kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, a sa kan waya da aka matse da injin matsewa, mai ruwan dalma ko kuza a jikinsa, a shafa man hana tsatsa, a ɗaure da ƙusa da noti marasa tsatsa tare da wosha mai tsalle, sannan a mayar da fenti a kewaye. Jan ƙarfe tsirara da ya kwanta a kan baƙin ƙarfe a wuri mai damshi yana cinye baƙin ƙarfen, idan kuma ya taɓa kwanon alminiyon da ke rufe audugar tsare zafi sai ya huda shi. Don cajin gogayya kaɗai siririyar waya ma ta isa, amma ana yawan sa mai murabba'in milimita 35 zuwa 70 saboda tsawa da kuma takun takalma da faɗuwar kayan aiki.

Dogaro da ƙusoshin harsashi kuskure ne. Wataƙila suna taɓa rodin da ke cikin kankare, wataƙila ba sa taɓawa, ba mai iya gani. Kwantacciyar tukunya mai zafi ma ana sa wa sirdinta ɗaya faifan Teflon don ya riƙa zamewa idan ƙarfe ya miƙe, wato wancan ɓangaren ya rabu da harsashi ke nan, kuma wayar da za a sa masa sai mai laushi da 'yar rara. Filanji na yau da kullum, wato faifan bakin bututu da ake ɗaurewa da ƙusoshi, ƙusoshinsa sun isa su haɗa bututu biyu ko da gaskit ɗin da ke toshe tsakaninsu ba ya wuce wuta, shi ya sa tsallaka waya a kan kowane filanji, a ganinmu, ɓarnar kuɗi ce da ke ƙara wuraren lalacewa. Inda ake bukatarta shi ne inda ƙusoshi ke da rigar roba, ko fenti mai kauri ya shiga ƙarƙashin noti, ko akwai mahaɗin roba, gilashin leƙe, gwiwa mai juyawa, ko guntun bututun ƙarfe da ya faɗo tsakanin na roba biyu. Mita ce za ta raba gardama, ba ido ba.

Akwai kuma filanjin da aka raba da gangan. Tukwanen gas da ake binnewa ko a lulluɓe da ƙasa ana kare su daga tsatsa ta hanyar riƙe su a wajen folt 0.85 ƙasa da sifiri, abin da ake kira kariyar katod. Wanda ya haɗa irin wannan tukunya kai tsaye da ragar jan ƙarfen da aka binne a ƙarƙashin masana'anta ya zubar da kariyar, ya kuma mayar da tukunyar abincin jan ƙarfen. Sandunan tutiya ake kafa mata, ko a sa na'urar da ke tare 'yar wutar kariya amma ta buɗe wa tsawa da wutar ɓallewa hanya. An sha samun mai gyara ya ga filanji babu waya, ya tsallaka masa ɗaya da kyakkyawar niyya. Irin waɗannan wurare suna bukatar alama a rubuce.

Game da sandunan ƙasa, sanda mai mita 3 a ƙasa mai turjiyar om-mita 100 tana ba da wajen om 33. Ninka kaurinta ba ya rage fiye da kashi 10 cikin 100, ninka zurfinta ko ƙara wata a nesa da ba ta gaza tsawonta ba, shi ya fi amfani nesa ba kusa ba. Zuba gishiri yana sauke adadin na ɗan lokaci, ruwan sama ya wanke shi, ya bar sanda a cinye. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa. A babbar masana'anta dai ba sanda guda ake dogara da ita ba, raga ce da aka binne a ƙarƙashin wurin duka, kowace tukunya ta kama ta a wuri biyu.

Awo iri biyu ne, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. Turjiyar raga zuwa ƙasa ana auna ta da sanduna biyu na gwaji, ta kusa a kashi 62 cikin 100 na nisan ta nesa, kuma lokacin da ƙasa ta fi bushewa, don a ga mafi munin hali. Mitar da ake maƙalawa a waya tana da sauƙi amma tana yaudara a nan: tukunya mai waya biyu da bututu goma zobe ne na ƙarfe, mitar za ta zagaya shi ta nuna ƙasa da om ɗaya ko da ragar ta ruɓe. Awon da ya fi kama laifi shi ne na tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da mita mai waya huɗu da ke tura aƙalla miliamfiya 200, daga kunne zuwa bango, zuwa murfi, matakala, kwanon rufi, sandar maburgi da kowane bututu. A ajiye adadin na bana kusa da na bara, domin haɗin da ya tashi daga om 0.1 zuwa om 3 yana kan hanyar mutuwa ko da bai kai 10 ba. A kuma ja wayar da hannu, a duba daidai inda ta shiga kankare, don nan ruwa ke kwanciya, nan take ruɓewa, nan kuma ɓarayin jan ƙarfe ke yankewa su soke guntun a rami kamar ba a taɓa ba.

Duk wannan awo a wurin da gas ke iya yawo aikin wuta ne, yana bukatar takardar izini da gwajin iska, domin mitar kanta tana iya tartsatsi. Kada a kwance wayar ƙasa sai an fara tsallaka wata ta wucin gadi, saboda wataƙila akwai ɓatacciyar wuta da ke bin ta ba a sani ba. Mafi yawan irin wannan wutar daga injin walda take zuwa. Idan mai walda ya maƙale wayar dawowarsa a ginshiƙi mai nisan mita 30 daga inda yake aiki, amfiya 200 za su nemi hanya ta bututu, boris da siraran wayoyin ɗauri, su ƙone su ta ciki riga tana nan lafiya. Saboda haka wayar dawowa a maƙale ta a jikin abin da ake waldawa, dab da wurin, kuma bayan kowane babban gyara a sake auna haɗe-haɗen da ke kewaye kafin a mayar da mai cikin tukunya.